Mutumina, me kake ci a can?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Ya aiki, ya sanyin Ingila, ya kewar gida? 'Yan majalisa duk suna gaishe ka. Na leƙa wajen Hajiya ranar Juma'a, tana nan ƙalau, sai dai ta ce muryarka ba ta yi mata daɗi ba a waya, har tana tambayata ko akwai abin da kake ɓoye mata. Ban ce mata komai ba, amma maganarta ta zo daidai da abin da ke damuna, shi ya sa na zauna na rubuto maka. A waya kana da saurin kawar da zance.

Ka ce mini kwanan nan ƙirjinka a cunkushe yake, abu kaɗan sai ranka ya ɓaci, ka dawo daga aikin dare barci ya ƙi zuwa, in ma ya zo ka tashi jiki a mace. Na saurare ka. Amma da ka juya wayar kana nuna mini ɗakinka, idona ya ga abin da bakinka bai faɗa ba: katon ɗin taliyar leda a kan firji, gwangwanayen lemon ƙara kuzari a jere a bakin taga, ledar biredi a buɗe, tukunya kuwa a kife, a bushe ƙayau. Kai da ba ka kwana sai da tuwo!

Ba cewa nake abinci ne kaɗai ya jawo maka wannan ƙunci ba. Akwai kaɗaici, akwai nisa da iyali, akwai aikin da ya juya maka dare ya koma rana, ga garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma a watan Disamba. Duk waɗannan ba ka da ikon sauya su yau ko gobe. Abin da kake zubawa a cikinka kuwa a hannunka yake, kuma tasirinsa ya fi yadda kake zato.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Ba ta son yankewa. Mu da muke azumi ai mun san haka ba sai an karantar da mu ba. Ka tuna yadda titi ke zama da La'asar sakaliya a watan Ramadan, mai mota da mai adaidaita su kama cacar baki a kan abin da bai kai ya kawo ba, da an sha ruwa kuma kowa ya dawo hayyacinsa. Farin biredi da lemo suna cilla sukarin jini sama nan da nan, bayan awa biyu ya rikito, sai kasala da saurin fushi da kwaɗayin wani zaƙin su biyo baya. Kai kana wannan hawa da sauka ne kullum, dare da rana.

A can Landan ɗin ƙasar da kake, an daɗe ana bin lafiyar dubban ma'aikatan gwamnati. A 2017 masu binciken suka bayyana cewa mazan da ke shan sukari fiye da giram 67 a rana sun fi masu shan kaɗan haɗarin faɗawa damuwa ko ciwon baƙin ciki da kashi 23 cikin 100 a tsakanin shekara 5. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin giram 50 a rana, in da hali ma ya tsaya a 25. Wani lemon, gwangwani ɗaya tal yana ɗauke da giram 35. Ka yi lissafin naka da kanka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da Farfesa Felice Jacka ta Jami'ar Deakin a Ostireliya ta jagoranta, shi ma aka fitar a 2017. Mutum 67 ne masu fama da ciwon baƙin ciki, da yawansu suna kan magani ko ganin likita, ba a kuma ce su daina ba. Aka raba su gida biyu. Wasu aka haɗa su da masaniyar abinci ta gyara musu cimarsu, wasu kuma aka riƙa zama da su ana ɗebe musu kewa kawai. Bayan mako 12, kusan kashi 32 cikin 100 na waɗanda aka gyara wa abinci sun samu sauƙin da har ciwon ya lafa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8. Mutanen ba su da yawa, saboda haka ba za a ce an gama magana ba. Amma duba abin da aka ba su: hatsi da dusarsa, wake, ganye, 'ya'yan itace, kifi, ƙwai, dangin gyaɗa, nono, man zaitun, tare da rage kayan zaƙi da soye-soye.

Da na karanta jerin nan, wallahi madafar Hajiya ce ta faɗo mini. Kunun gero da ƙosai da safe. Ɗanwake ko dambu da rana, ko kwaɗon zogale da ta murza wa ƙuli-ƙuli ta yanka albasa da tumatir, ta yaryaɗa man gyaɗa. Fura da nono in rana ta take. Tuwon dawa miyar kuka da daddawa da busasshen kifi da daddare. Abincin da muka riƙa raina wa muna cewa na ƙauye ne, muna ɗokin biredi da lemon kwalba, shi ne yau masana ke rubuta wa marar lafiya. Abin da ke ba ni takaici shi ne a nan gida ma tsadar rayuwa ta sa gidaje da yawa sun koma cika ciki da abin da ya samu, wake da kifi sun zama sai an yi shawara.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hanjin mutum cike yake da ƙananan halittu masu amfani, abincinsu kuwa dusar hatsi ne da wake da ganye, kindirmo kuma yana ƙara musu yawa. Akwai babbar jijiya da ke kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, shi ya sa fargaba ke kaɗa wa mutum ciki. Mu ma a addini muna da labarin talbina, kunun garin sha'ir da ake sa wa madara ko zuma. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, ta kuma ruwaito daga Manzon Allah (SAW) cewa tana sanyaya zuciyar marar lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Yana cikin Bukhari da Muslim. Sha'ir kuwa ba ya wahalar samu a shagunan can.

Sai maganar kofi da lemon ƙara kuzari. Sinadarin da ke hana barci a cikinsu, wanda shi ne dai ke cikin goro, yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. In ka sha da ƙarfe 4 na asuba don ka ƙarasa aiki, ka kwanta ƙarfe 8, fiye da rabinsa na nan yana aiki. Ka sha a farkon dare, ka bar na asuba. Shayi ma ka ɗan jinkirta shi bayan cin abinci, domin yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini.

Ina roƙon ka, don Allah, ka nemi ganin likitanka a wannan makon. Ka gaya masa komai yadda ka gaya mini, ka ce a duba jininka. Ƙarancin jini, ƙarancin bitamin B12 ko D, da matsalar maƙoƙo duk suna iya zuwa da kasala da mutuwar zuciya. Hukumar lafiyar ƙasar ma tana ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata irinmu kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. In ƙuncin ya wuce mako biyu ba sassauci, ko ka fara jin rayuwa ta fita a ranka, kada ka tsaya jiran wake da zogale su yi aiki, ka nemi taimako a ranar, ni ma ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Na san za ka ce ba lokaci. Ranar hutunka ka ɗora babbar tukunyar wake, ka yi miya mai yawan alayyafo da kifi, ka rarraba a robobi ka jefa a firji, ka riƙa ɗaukar guda zuwa wajen aiki. Ka ajiye gyaɗa da ayaba da dafaffen ƙwai a jaka saboda yunwar tsakar dare. Sannan ka daina ci a tsaye kai kaɗai ido a kan waya. Mun tashi ne muna ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa, ana ci ana hira, kuma ina ganin rashin wannan yana cikin abin da ke cin ka. Bayan sallar Juma'a ka ja mutum biyu ko uku daga 'yan'uwa ku ci tare, ko sau ɗaya ne a mako.

Akwai wani ɗalibi da zai taho wajenku wata mai kamawa. Hajiya ta riga ta sa an daka kuka, an shanya zogale da kuɓewa, ni kuma zan haɗa da garin kunu da yaji. Kilishi dai ka yi haƙuri, ba a barin shiga da nama. Ka turo mini adireshin da zai same ka, kuma ka kira Hajiya ranar da ka samu barci sosai. Maiɗakina da yara suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka har kullum.