Rahoton ayyukan shekara: alli a hannun ɗalibi tun yana karatu

Assalamu alaikum iyayenmu malamai da suka yi ritaya, ƴan uwa abokan aiki, da ƙannenmu ɗalibai.

A babban taron bara mun tsaida magana ɗaya: wanda zai zama malami ya fara riƙe alli tun yana karatu, ba sai ranar da aka tura shi ƙauye ba. Kusan duk aikin bana a kanta ya tafi.

Da aka buɗe lakwal a watan Oktoba, mun gayyato masu neman aikin koyarwa daga makarantar horon malamai ta Maraɗi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, muka haɗa kowane da tsohon malami. Ɗalibin ya zauna bayan aji ya kalla, sannan ya karɓi darasi, a tashi a gaya masa gaskiya.

Fitar da ta fi amfani ita ce ta Jiratawa. A filayen noman rani muka miƙa musu igiya, suka auna fangali, suka fitar da faɗinsa da irin da zai ci, washegari kowa ya mai da abin darasin lissafi. Abin da APS, tsarin koyarwa na ma'aikatar ilimi, ke nema ke nan, a fara daga halin da yaro ya sani. A nan asiri ya tonu. Ɗalibin da ya haddace ka'idojin koyarwa da Faransanci sai ya daskare da yarinya ta yi masa tambaya da Hausa. Ba rashin sani ba ne, kalmomin ne babu a bakinsa. Tunda kundin sake gina ƙasar Nijar na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, wannan giɓi ba na wasa ba ne. Mun buɗe littafin tara kalmomin lissafi da kimiyya; duk mai wata kalma ya kawo wa sakatare.

Mun kuma je tafkin Madarunfa don darasin muhalli.

Inda muka gaza: tafiyar Dakoro da Mayayi ba ta yiwu ba, kuɗin mota ya gagara, kuma kun san waɗanda ba su biya kuɗin wata ba. Wasu daga cikinmu, ba zan kama suna ba, sun sakar wa ɗalibi aji suka tafi sabgarsu. Wannan ba horo ba ne, ɗora kaya ne.

Babbar matsala dai maki. Muddin jarrabawar takarda ce ke ɗaukar kaso mai tsoka, da ta matso sai ɗalibai su watse, kuma ban ga laifinsu ba. Mun rubuta wa masu tsara karatu muna roƙon a ƙara wa aikin aji nauyi, muna jiran amsa.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi bayan sallar la'asar. Masu son karɓar ɗalibi baɗi su rubuta suna kafin a tashi.

Sakataren ƙungiya