Sanarwa ga ƴan rukuni: hoton fure da hasken yamma

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Aikinmu na wannan makon hoton furanni ne da hasken yamma zalla, ba filasha, ba fitila. A fita kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana. A lokacin rana ta sunkuyo, haskenta na ratsa iska mai yawa kafin ya iso gare mu, shuɗin ya watse a hanya, ja da rawaya su saura. Shi ya sa komai ke yin kamar an shafa masa zinariya.

Abin da na fi so ku gwada shi ne ku durƙusa daidai tsayin furen, ranar tana bayansa. Jiya na yi haka da wani jan fure, wallahi har jijiyoyin cikinsa suka fito ɗaya bayan ɗaya, ƴan gashin jikin karansa na ƙyalli. Na daɗe a tsugune ina kallo. In gabansa ya yi duhu, farar takarda ta isa ta mayar masa da haske.

Iska ce ke ɓata aiki. Ku yi haƙuri ta lafa, masu kyamara kuma su kai gudun ɗauka, wato saurin buɗewa da rufewar idon kyamara, 1/250 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri. Masu waya a goge gilashin kyamarar, a taɓa furen a allo, a rage hasken kaɗan, don launin ja yana saurin cushewa a hoto, jijiyoyin furen su ɓace.

Wasu furannin suna rufewa da magariba, kada a makara. Don Allah kar a tsinke ko ɗaya.

Kowa ya turo hoto biyu kafin Lahadi.