Candragupta biyu ne, ba ɗaya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne, kuma duk ranar shirinku na tarihi a rediyo nakan tsayar da keke in kasa kunne. Sai dai a makon jiya, da ake maganar sarakunan Indiya na dā, mai gabatarwa ya yi mana haɗin gambiza: ya mai da Candragupta na gidan Mauriya da Candragupta na gidan Gupta mutum guda, alhali shekara 600 da ɗoriya ce tsakaninsu.

Na farkon shi ya kawar da gidan Nanda wajen shekarar 321 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya zauna a Pataliputra, inda birnin Patna yake yau. Shi ne ya yi sulhu da Selukus, kwamandan Iskandari na Girka, ya ba shi giwaye 500 ya karɓi ƙasa. Jikansa Ashoka ne ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi, sannan ya sa aka sassaƙa a jikin dutse cewa an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000, kuma abin ya dame shi. Sarki da kansa ya rubuta nadamarsa inda kowa zai gani! Wannan kaɗai ya isa shiri guda, amma ko minti ɗaya ba ku ba shi ba. Zakunan da ke tambarin gwamnatin Indiya daga ginshiƙinsa na Sarnat aka ɗauko su. Gidan Mauriya ya ƙare wajen shekarar 185 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sa'ad da sarkin yaƙi Pushyamitra Shunga ya kashe ubangidansa ana tsakiyar faretin soja.

Na biyun sai wajen 320 miladiyya ya hau gado, a wannan Pataliputra ɗin dai, wataƙila a nan ruɗanin ya samo asali. A zamanin zuriyarsa aka haifi masanin lissafi Aryabata, a 476. Lambobin da nake rubuta awon wuya da kafaɗa da su a ɗan littafina daga Indiya suka fito, ta hannun malaman Bagadaza irin su Alkawarizmi.

Don Allah a gyara a shiri mai zuwa, domin yaran shagona sun ji, har ɗayansu na musu da ni wai rediyo ba ta kuskure.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Zariya