Manajan manhaja ba shi da sandar duka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da ƙannena da suka shiga shirin 3MTT, wanda ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023 ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani don koya wa matasa miliyan 3 fasahar zamani. Yaran garinmu da dama sun zaɓi darasin manajan manhaja, wato mai tsara abin da manhaja za ta yi wa masu amfani da ita tare da injiniyoyin da ke gina ta, kuma na lura kujerar ce ke ruɗarsu, wai su za su riƙa ba injiniyoyi umarni.

Na daɗe ina wannan aiki a wani kamfani mai haɗa manoman riɗi da masu saye. Ƙannena, ba ku ke biyan albashi ba, ba ku da ikon korar kowa, amma ranar da abu ya lalace ku za a kira. Kamar mai gayya ne: wanda bai taɓa taka gonar wani ba, ko fura nawa ya dama shi kaɗai zai yi nomansa.

Injiniyanmu ɗan Legas ne, kansa na ja ƙwarai, amma ya kafe sai manomi ya shigar da nauyin kayansa a manhajarmu da kilo. Na rubuta rahoto, bai karanta ba. A taro ya ce haka duk duniya ke yi. Sai na bar musu, na gayyace shi gida ya kwana, ran Alhamis muka yi sammako zuwa kasuwar Maigatari. Ya tsaya yana kallon wani dattijo yana awon riɗi da tiya, kowace sai ta yi tozo, dillali na gefe yana lissafi da ka. Dattijon ya zaro 'yar wayarsa mai tocila, an ɗaure murfinta da kyauro, ya ce, "Yaro, a ina zan sa kilon naka?" Kafin la'asar injiniya ya zana sabon tsari a bayan kwali: tiya da buhu, a danna lamba mai tauraro, ba ruwan kowa da data.

Sai kuma mai kamfanin ya ce a zare dillalai daga cinikin. Ban ja da shi a gaban mutane ba. Na same shi shi kaɗai bayan azahar. Na ce masa dillalin nan shi ke ba manomi bashin taki da damina, shi ake gani wurin suna da jana'iza. Ya yi shiru, ya bar su. Da takardun naira suka yi wuya a Fabrairun 2023, manoman da suka ƙi tiransifa sai da dillalinsu ya ce "na tsaya" suka saki buhu.

Roƙona ga masu shirya horon: kafin a ba ɗalibi takardar shaida, a tura shi kasuwar Dawanau, Gujungu ko Maigatari ya zauna a rumfar dillali, ya bar kwamfutarsa a gida.

Mai karatunku,
daga Gumel, Jihar Jigawa