Inshorar lafiya ta al'umma da yaron da iyayensa ba sa iya biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari tattaunawarku kan inshorar lafiya ta al'umma, wato tsarin da mazauna karkara ke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda domin a yi wa mara lafiya magani ba tare da ya biya a ranar ba. Na yi shekaru ina aiki a ƙaramin asibitin karkara, kuma akwai abin da nake so in ƙara.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 4.9 ne suka rasu kafin su cika shekara biyar a 2022, fiye da rabinsu a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Da yawa daga cikinsu ciwon huhu ne, ko gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke su, alhali duk ukun suna da magani mai araha idan an zo da wuri. Sau da yawa uwa ta shigo mini da ɗa goye a baya, jikinsa zafi rau, haƙarƙarinsa na lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi, in tambaye ta yaushe abin ya fara, ta sunkuyar da kai ta ce yau kwana huɗu. Kwanakin nan huɗu sun tafi ne wajen jiran maigida ya samo rance. Babban amfanin katin inshora shi ne uwa ta iya fitowa tun ranar farko ba tare da ta jira kowa ba.

Ruwanda ta fara gwada irin wannan asusu a 1999, kuma mace-macen ƙananan yara a can sun sauko daga 196 cikin dubu a shekarar 2000 zuwa 45 bayan shekara ashirin. Rigakafi da gidan sauro da ma'aikatan lafiya na ƙauye duk suna da hannu a wannan nasara, amma abin lura shi ne gwamnati ce ta ɗauki nauyin biya wa mafi talauci kuɗin rajista. Habasha ma, da ta fara a gundumomi 13 a 2011, ta ware tallafi domin marasa ƙarfi.

Rashin irin wannan tallafi shi ne abin da ke damuna, domin inda aka bar shiga ga mai hali kawai, gidan da yaransa suka fi fuskantar haɗari shi ne ke zama a waje, kuma asusun da masu yawan jinya kaɗai suka cika ba ya daɗewa kafin ya ƙare. Haka nan magidancin da ya biya, ya kawo ɗansa aka ce babu magani, ya je ya saya a kemis, da wuya ya sabunta katinsa baɗi, kuma ban ga laifinsa ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata a riƙa yi wa gida gaba ɗaya rajista har da jariri, a kuma karɓi kuɗin lokacin girbi, sa'ad da manomi ke da abu a hannu.

Roƙona shi ne idan kun sake gayyato masu kula da waɗannan asusu, ku tambaye su wa ke biya wa gidan da bai da ko sisi, da kuma kwana nawa suke ɗauka kafin su biya asibiti kuɗin maganin da ya bayar.

Naku mai sauraro,
Tsohon ma'aikacin lafiya a karkara