A Samar Wa Masu Tafiya A Ƙasa Wuri A Titin Gidan Zoo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan Titin Gidan Zoo da ke Kano, wanda kusan kullum nake bi da yamma.

Da an idar da sallar Magariba titin yake cika. Daga gadar Dangi har ka wuce Ado Bayero Mall, wanda aka buɗe a 2014, shaguna ne jere: na atamfa da shadda, na turare, na wayoyi. Ni dai wurin mai balangu nake yada zango. In sa a yanka mini na dubu biyu, a haɗa da gurasa, a barbaɗa yaji, in samu benci in zauna ina kallon jama'a. Ga amarya da ƙawayenta suna cinikin kayan ɗaki, ga samari sun sha guga suna jiran shawarma, ga magidanci riƙe da ledoji, yara na jan rigarsa sai an saya musu ayis kirim. Wani lokaci har 'yan fim kana gani, tunda nan ofisoshinsu suka yi yawa.

Abin da ke damuna shi ne mai tafiya a ƙasa ba shi da wuri. Motoci sun faka a bakin hanya, masu tebur sun cinye sauran, adaidaita sahu na sauke fasinja inda suka ga dama. Rannan da ƙyar na tsallakar da wata dattijuwa.

Don Allah mahukunta su ware wurin ajiye motoci, su kuma yi alamar tsallakawa a gaban manyan shagunan.

Naka,
Wani mai karatu daga Gandun Albasa, Kano