Godiya ga shagon hoton Aboabo da ya dawo mana da kakanmu da garin Sawakin

Zuwa ga Alhaji maigidan shagon da yaransa, Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, don abin da kuka yi mana ya wuce a ce "an gode" a bakin ƙofa a kama hanya.

Hoton da na kawo muku shi kaɗai ya rage mana na kakanmu. Fataken goro ne shi da iyayensa, kuma ya bar Kumasi zuwa aikin hajji ta ƙasa tun kafin Gana ta samu 'yancin kai a 1957. Ya bi ta Kano da Maiduguri, ya ratsa Cadi ta Abeshe, ya shiga Darfur, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri, har da tsinkar auduga a gonakin Jazira. Ƙarshen tafiyar ƙasa ita ce Sawakin, bakin Bahar Maliya, inda mutanenmu, waɗanda Larabawa ke kira Takari, suke zaman jiran jirgin ruwa zuwa Jidda. A can aka ɗauke shi hoton. Shekara da shekaru yana rataye a zaure, sai damina ta yi masa abin da ta saba yi a garin nan: ya manne da gilashi, fumfuna ta cinye rabinsa.

Ba zan manta ba, yaronka ya duba ya ce, "Baba, bayan ya lalace, mu goge mu sa masa Ka'aba." Ban ga laifinsa ba, abin da kowa ke nema ke nan yanzu, a gyara fuska ta yi sumul kamar ta jariri. Kai ne ka karɓa ka ce a bari tukuna a ga abin da ke baya. Mako uku kuna kansa, kun ɓamɓare shi daga gilashin ba tare da ya yage ba, kun sa a kwamfuta kuna bin tabo ɗaya bayan ɗaya. Tsagen fuskar tsohon ma ba ku taɓa ba.

Ranar da na zo karɓa, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwata. Bayan kakanmu gida ne mai hawa uku, da tagar katako mai sassaƙa ta turo kai waje, irin wadda suke kira roshan. Na zauna a bencinku na kasa magana, kuka zaci kuɗin ne ya yi mini yawa.

Dalili kuwa, na je garin nan da ƙafata. A 2018 na kai wa ɗana ziyara yana karatu a Hartum, na matsa masa sai da muka hau mota zuwa Fot Sudan, daga nan kamar awa ɗaya kudu muka isa Sawakin. Tsohon garin ɗan tsibiri ne zagayayye, ɗan gajeren titi ya haɗa shi da tudu. Da dutsen murjani na cikin teku aka gina shi. Ya yi ɗaruruwan shekaru a hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa, ya koma hannun Masar a 1865, kuma a kewayensa ne Usman Digna, kwamandan Mahadi, ya hana Turawan Ingila barci. Amma ba yaƙi ya kashe garin ba. Mashigar ruwansa ta yi wa manyan jirage ƙunci, sai Turawa suka fara gina Fot Sudan a 1905, attajirai suka kwashe suka koma can. Murjani kuwa in ba a shafa masa farar ƙasa a kai a kai, narkewa yake yi.

Abin da na tarar tsibin farin dutse ne ko'ina, sai kyanwoyi da awaki. Masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, suna tsaye fes saboda Turkawa sun gyara su, kuma a lokacin ana ta zancen yarjejeniyar da aka yi da Shugaba Erdogan a ƙarshen 2017 kan raya tsibirin. Gyaran ya yi kyau, sai dai ni ya fi mini kama da ɗakin baƙo da aka share ba a kwana a ciki. Hayaniyar tana can tudu, wajen sabuwar tashar da ke ɗauke da sunan Usman Digna, inda ake lodin fasinjoji da raguna zuwa Jidda. Wani tsoho ɗan ƙabilar Hadandawa ya zuba mini gahawa mai citta, ya ce Annabi Sulaiman ne ya ɗaure aljanu a tsibirin, daga nan sunan ya fito. Ban yi masa musu ba. Na yi ta neman gidan da zan ce nan kakanmu ya tsaya, ban samu ko bango ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 kuma, ɗana ya dawo gida, ban sa ran komawa ba.

Da an sa Ka'abar nan, da gidan ya tafi ke nan.

Ga kuɗin aiki kuma, abin da ka faɗa tun ranar farko shi ka karɓa, ko sidi ɗaya ba ka ƙara ba. Kwafi biyar ɗin duk sun samu gida: ɗaya ya tafi unguwar Nima da ke Accra wajen gwaggonmu, wadda ta ce hular nan ita ta wanke ta bayan dawowarsa, ɗaya yana zaurenmu nesa da yoyo. Allah ya sa albarka a shagon, ya ƙara wa yaran basira. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da takardar tafiyarsa mai tambarin Sudan, ita ma gara ta fara taɓa gefenta.

Naku,
Jikan Alhaji mai goro, Aboabo, Kumasi